Mililita 100: Me Ya Sa Har Matuƙin Jirgi Ake Laluben Jakarsa?

Duk ɗalibin da ya taɓa raka mahaifinsa ko yayansa feshi a gonar masara a Tsiga ya san mililita 100 da ido, ko da bai san sunanta ba. Kusan cikin ɗan ma'aunin nan ne da ake tsiyaya maganin ciyawa kafin a juye a tankin goyo. Ba ta cika ƙaramin gwangwanin madara ba. Ruwan leda guda, wanda muke kira fiya wata, mililita 500 ne, wato ya ninka ta sau biyar. To, wannan ɗan awo shi ne iyakar girman kwalbar ruwa, ko ta turare, ko ta man shafawa da aka yarda fasinja ya wuce shingen bincike da ita a jakar hannu a yawancin filayen jiragen sama na duniya.

Wannan kam wasunku sun taɓa ji daga bakin alhazan garinsu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, matuƙin jirgin da kansa, da mataimakinsa, da ma'aikatan da ke raba abinci a ciki, su ma sai sun bi ta shingen. Ana haska jakunkunansu, ana iya lalube su, kuma akwai ƙasashen da za a karɓe gorar ruwan kyaftin a jefa a kwandon shara kamar yadda za a yi wa kowa.

Sai mu tambayi kanmu: mutumin da aka damƙa wa jirgi sukutum da rayukan mutum ɗari uku, me gorar ruwa za ta ƙara masa idan ya yi niyyar ɓarna? A manyan jirage har ɗan gatari ake ajiyewa a ɗakin tuƙi saboda gobara. An bar shi da gatari, an hana shi man goge baki. Matuƙa da dama sun shafe shekaru suna wannan ƙorafi, kuma ba za mu ce maganarsu shirme ce ba. Amma kafin mu yanke hukunci, bari mu ga inda dokar ta samo asali.

Kwalaben lemo na Landan

Kafin shekarar 2006, mutum na iya shiga jirgi da katuwar gorar ruwa ba mai ce masa uffan. Abin da jami'an tsaro suka fi sa wa ido shi ne bindiga da wuƙa, musamman bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka. Ba wai ba a taɓa amfani da ruwa wajen ɓarna ba. A ranar 25 ga Oktoba 1993, wasu samari huɗu, waɗanda ba su girmi 'yan aji shida na sakandare da yawa ba, sun yi fashin jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, don nuna fushinsu kan soke zaɓen 12 ga Yuni. Jirgin ya ƙare a Yamai, inda suka yi barazanar banka masa wuta da fetur ɗin da suka shigo da shi. Da jami'an tsaron Nijar suka afka cikin jirgin, rai ɗaya aka rasa, kuma daga cikin ma'aikatan jirgin ne. Samarin sun yi sama da shekara tara a kurkukun Nijar. A Disamban 1994 kuma, wani ya shiga jirgin ƙasar Filifin da ruwan sinadari mai fashewa a 'yar kwalbar maganin ido, ya haɗa bam ɗinsa a banɗakin jirgin, ya ɓoye a ƙarƙashin kujera ya sauka. Fasinja ɗaya ɗan Japan ya mutu. Duk da haka duniya ba ta sauya doka ba.

Abin da ya sauya ta ya faru ne a daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Agusta 2006, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka kama mutum 24. Shirin da aka bankaɗo shi ne na tarwatsa jirage aƙalla bakwai da za su tashi daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa Amurka da Kanada. Makamin kuwa kwalaben lemo ne na kanti. Za a zuƙe lemon ba tare da an ɓalle murfin ba, a ɗura ruwan sinadari mai fashewa da aka rina ya yi launin lemon. Mai dubawa zai ga kwalba sabuwa dal.

Wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. A garuruwanmu na noma mun san haɗarin zuba kalanzir ko maganin feshi a gorar lemo: yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. Ido ba ya bambance ruwa da ruwa. Na'urar haska kaya ta wancan lokaci ma haka take. Tana nuna siffar kwalba, tana nuna akwai ruwa a ciki, amma ba ta iya tabbatar da ko zoɓo ne ko wani abu daban.

A ranar da aka yi kamen, an hana fasinjoji a Birtaniya shiga jirgi da jakar hannu baki ɗaya. Fasfo, da tikiti, da walat, da magani, a zuba a farar leda, shi ke nan. Uwa mai goyo sai ta ɗanɗani madarar jaririnta a gaban jami'i kafin a bar ta ta wuce. Ba zai yiwu a ci gaba da haka ba, don haka masana suka nemi awon da zai bar mutane su riƙe ɗan abin buƙata, amma bai isa a haɗa abin da zai kayar da jirgi cikin sauƙi ba. A ranar 6 ga Nuwamba 2006 Tarayyar Turai ta fara aiki da mililita 100. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, ta shawarci ƙasashe su bi sahu daga 1 ga Maris 2007. Najeriya mamba ce a hukumar, har ma ɗan Najeriya, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisarta daga 2014 zuwa 2019.

Dokar tana da ɗan siddabarun da ke kama mutane da yawa. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar mililita 200 da ta rage saura kurɓi ɗaya, ba za ta wuce ba. Sannan duk 'yan kwalaben sai sun shiga farar leda guda mai cin lita ɗaya. Kuma «ruwa» a wurin jami'in tsaro ya fi faɗi fiye da yadda muke zato: zuma, man shanu, manja, man gyaɗa, nono, man kitso, turaren fesawa, duk ruwa ne. An ware magani da abincin jarirai, amma sai an nuna su an duba. Abin da ya fi ƙarfin awon sai a sa a babbar jakar da ake aunawa ta shiga cikin jirgi ta ƙasa. Fetur da kalanzir kuwa, ko sama ko ƙasa, ba su da wurin zama.

Zamzam ma ba a bar shi a hannun alhaji ba. Hukumomin Saudiyya sun hana sa shi a cikin jakunkuna, shi ya sa kamfanonin jigilar alhazai ke kwaso jarkokin daban. Alhajin Bakori ko na Malumfashi da ya sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina, a nan gida ake miƙa masa lita biyar ɗinsa.

Yunifom dai tela ke ɗinka shi

Mu dawo kan matuƙi. Gaskiya ce cewa binciken jaka ba zai hana matuƙin da ya yi mugun nufi ba. A ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi, ya kai jirgin ya buga da dutse a Faransa, mutum 150 suka mutu. Bai buƙaci ko cokalin ruwa ba. Irin wannan haɗari da wasu hanyoyi ake tunkararsa: binciken lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, da binciken tarihin mutum kafin a ɗauke shi aiki.

Shingen bincike kuwa wata matsala yake magancewa. Jami'in da ke tsaye a wurin bai san kyaftin ba, bai san garinsu ba. Abin da yake gani farar riga ce, da baƙin wando, da igiyoyi huɗu a kafaɗa, da katin shaida a wuya. Rigar nan kowane ƙwararren tela a kasuwar Funtuwa zai iya ɗinka irinta cikin kwana biyu, kati kuma ana sacewa, ana bugo na jabu. Idan aka ce duk mai wannan shiga ya wuce ba bincike, to an gaya wa mai mugun nufi kayan da zai saya ke nan.

Akwai kuma ma'aikaci na gaskiya wanda zuciyarsa ta juya. A ranar 7 ga Disamba 1987, wani da kamfanin jirgi na Amurka ya kora daga aiki ya yi amfani da katin shaidar da ba a karɓe daga hannunsa ba, ya kauce wa bincike a Los Angeles da bindiga a jikinsa. Ya shiga jirgin da tsohon maigidansa yake ciki, ya harbe shi, ya harbe matuƙan. Duka mutum 43 da ke cikin jirgin suka hallaka. Bayan wannan ne Amurka ta tsaurara doka cewa ma'aikatan jirgi ma a riƙa bincikensu.

Na uku, wanda muke ganin ya fi kowanne muhimmanci: abin da matuƙi ya wuce da shi ba dole ne ya ƙare a jirginsa ba. Bayan shingen bincike akwai fili guda da fasinjojin jirage da yawa ke cakuɗuwa. Wanda ya shigo da kwalba yana iya miƙa ta ga wani da zai hau wani jirgi daban, shi kuma ya tafi aikinsa lafiya lau. Ana iya saye shi da kuɗi, ana iya yaudararsa da sunan saƙo, ana iya tsare iyalinsa a ce ko ya kai ko su mutu. A Mogadishu, ranar 2 ga Fabrairu 2016, na'urar ɗaukar hoto ta filin jirgi ta nuna yadda wasu da ke aiki a wurin suka miƙa wa wani fasinja kwamfutar hannu da aka ɗana wa bam. Ta fashe a sama ta huda jikin jirgin, Allah Ya sa bai yi nisa ba, matuƙin ya juyo ya sauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matuƙin da kowa ya san za a bincike shi ba shi da amfani ga masu neman ɗan aike, kuma wannan kariya ce gare shi da iyalinsa.

Shi ya sa ƙa'idar ICAO ta ce duk wanda ba fasinja ba, da kayan da yake ɗauke da su, a tantance shi kafin ya shiga wuraren da aka killace. A filayen jiragenmu jami'an tsaro na Hukumar FAAN ke wannan aiki, Hukumar NCAA kuma ita ke sa ido a kan dokokin.

Batun ruwa a jakar ma'aikata kuwa, nan ƙasashe suka rabu. A Amurka, ma'aikacin jirgi da ke cikin yunifom da katinsa ba a ɗaure shi da mililita 100 ba. Tun 2011 ma suka buɗe wa matuƙa ƙofa ta musamman, inda ake duba sunan mutum da hotonsa a kwamfuta a tabbatar har yanzu ma'aikaci ne. Amma kwamfutar kan zaɓi mutum ba zato ta ce a kai shi cikakken bincike. A Maris 2016 zaɓin ya faɗa kan wata ma'aikaciyar jirgi a Los Angeles. Sai ta yar da jakunkunanta, ta tuɓe takalmanta, ta ranta a na kare. Da aka buɗe, hodar iblis ce fiye da kilo 25. Birtaniya kuwa ta ɗauki hanya mai tsauri, ta ɗora wa matuƙa da ma'aikata awo ɗaya da na fasinja.

A ganinmu ƙorafin matuƙa yana da tushe a nan. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, mai aikin sa'o'i goma a ciki yana buƙatar ruwa sosai. Mai kwana uku a waje kuma da jakar hannu kaɗai yake yawo, sabulunsa da mansa duk a ciki. Fasinja sau ɗaya ko biyu yake bin shingen a shekara, shi kuwa kusan kullum. Tsarin da ke tabbatar da ko wane ne mutum, sannan ya bar barazanar binciken ba-zata a kansa, ya fi mana kama da hankali fiye da ƙwace man goge bakin kyaftin kowace safiya. Sai dai tsari irin wannan yana buƙatar rajistar ma'aikata da ake sabuntawa a kan kari. Inda babu ita, gara a bincike kowa.

Abin da ya taɓa mu kusa

Mu mutanen kudancin Katsina ba daga nesa muka ji wannan labari ba. A ranar 25 ga Disamba 2009, Umar Farouk Abdulmutallab, matashi ɗan shekara 23, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit ta Amurka. Daga Legas ya tashi zuwa Amsterdam. Garin sinadari ya ɓoye a kamfai, da sirinji mai ɗan ruwan da zai tayar da shi. Ya wuce bincike a filaye biyu, domin ƙofar gano ƙarfe ba ta ganin gari, ba ta ganin roba. Abin ya kama wuta bai fashe ba. Fasinjoji suka danne shi, ma'aikatan jirgin suka kashe wutar.

Mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, ɗan asalin Funtuwa ne kuma tsohon shugaban bankin First Bank. Wata guda kafin abin ya faru, ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙafarsa ya kai rahoton cewa yana tsoron hanyar da ɗansa ya ɗauka. Ba kowane uba ne zai iya wannan ba. Gargaɗin ya isa, amma ba a yi aiki da shi yadda ya kamata ba. An yanke wa matashin ɗaurin rai da rai a Fabrairun 2012. A farkon 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu ƙarin bincike, kafin ta janye tsarin a watan Afrilu. Daga nan ne na'urorin haska jikin mutum suka yaɗu a filayen jirage, har da namu.

Filas ɗin Abuja

Misali mafi kusa ya faru ne ranar 5 ga Agusta 2025 a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja. Fitaccen mawaƙin fuji, Wasiu Ayinde, wanda aka fi sani da KWAM 1, ya zo hawa jirgin ValueJet zuwa Legas da filas a hannu. Aka ce ba zai shiga da shi ba. FAAN ta ce giya ce a ciki, shi kuma ya ce ruwa ne. Ku lura, dokar ba ta damu da wanda ya fi gaskiya ba: filas ɗin ya haura mililita 100, magana ta ƙare. Rigimar ta kai har gaban jirgin, inda bidiyo ya nuna shi tsaye yayin da jirgin ya fara tafiya, har sai da ya sunkuya fiffike ya wuce ta kansa.

Wa aka fara hukuntawa? Matuƙan. NCAA ta dakatar da lasisin kyaftin ɗin, wadda mace ce, da na mataimakinta, saboda sun motsa jirgi alhali akwai mutane a gabansa. An hana mawaƙin hawa jirgi na wata shida, ya fito ya nemi afuwa. A ranar 13 ga Agusta Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya sanar da rage hukuncin zuwa wata ɗaya, su ma matuƙan za a mayar musu da lasisi bayan wata ɗaya da sake tantancewa. Mutane da yawa sun ga an yi wa babban mutum sassaucin da talaka ba zai samu ba, kuma mu ma muna ganin wannan suka ba ta rasa hujja ba. Filas ɗin ba nata ba ne, amma lasisin da ta shafe shekaru tana nema ne ya fara shiga haɗari.

Wanda ya taso daga Funtuwa ya wuce Giwa da Shika da Samaru, kafin ya kai Kwangila zai ga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964. A can ake horar da matuƙa, da injiniyoyi, da masu ba jirage hannu daga hasumiya, da ma'aikatan cikin jirgi. Ɗaliba ko ɗalibin Tsiga da ke da wannan buri sai ya riƙe Turanci da lissafi da fiziks da kyau. Ya kuma sani cewa sashen tsaro ma sana'a ce mai zaman kanta: wanda ke zaune gaban allon na'ura yana da 'yan daƙiƙu ne ya karanta hoton jaka, ya yanke ko a buɗe ko a bari.

Sana'ar ma tana sauyawa. An fito da sababbin na'urori masu aiki irin na hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a manyan asibitoci. Suna haska jaka ta kowace fuska, jami'i ya jujjuya hoton a allo, kwamfuta kuma ta auna ko ruwan da ke ciki mai haɗari ne. A Afrilun 2023 filin jirgin London City ya bar fasinjoji su wuce da gora har ta lita biyu. A Yunin 2024 gwamnatin Birtaniya ta dawo da mililita 100, Tarayyar Turai ma ta yi haka daga 1 ga Satumba, saboda ba a gama gamsuwa da na'urorin ba. A 2025 aka sake ɗage dokar a wasu filaye, irin su Edinburgh da Birmingham. Na'urorin suna da tsada da nauyi, har wasu filayen sai an ƙarfafa daɓensu kafin a girka su, don haka ba lokaci guda za su kai ko'ina ba.

Sakamakon shi ne, ma'aikacin jirgi na iya tashi da safe daga filin da ya bar shi da katuwar gora, ya kwana a garin da za a karɓe ta washegari. Dabarar da yawancinsu ke yi mai sauƙi ce, kuma fasinja ma zai iya: su wuce shingen da gora babu komai a ciki, su cika ta a can ciki kafin su hau jirgi.